An Hutar da Baba Lado

Ni ba mutumin tafiya da ƙafa ba ne. Gara in faɗa tun da wuri, kada wanda ya san ni a Daura ya karanta wannan ya ce Malam Yahya ya koma wa'azin motsa jiki. Daga gidana zuwa teburin mai shayin bakin layi, babur nake hawa. Matata Rabi ta ce ranar da babur ɗin ya lalace za a gane ko ƙafafuna na aiki ne ko na ado. A makarantar da nake koyarwa kuwa, tumbina kan riga ni shiga aji, ɗalibai su miƙe masa kafin su miƙe mini.

To amma malalaci ma yana da ido. Abin da idona ya gani a gidan maƙwabcina Alhaji Kabiru shi ya sa na ɗauki biro.

Mahaifin Alhaji, Baba Lado, tsohon marini ne da ya haura tamanin, siriri, miƙaƙƙe kamar sandarsa, har yanzu da sauran shuni a gefen faratansa. Da matarsa ta rasu, Alhaji ya ɗauko shi daga cikin gari ya kawo shi sabon gidansa a unguwarmu ta bakin gari. Baba ya yarda ya bar gida, amma bai yarda ya bar masallaci ba. Masallacinsa shi ne wani tsohon ginin ƙasa da ke gindin durumi, can ta wajen Kusugu. Nan yake salla tun yana saurayi, nan kuma ya ci gaba da zuwa, a ƙafa, da takalminsa na roba da ya sha ɗinki.

Tafiyar tasa ba irin ta mai sauri ba ce. Zai tsaya wurin mai faci ya tambayi jikin uwarsa. Zai tsokani mai ƙosai ya ce man suyarta ya tsufa. Zai raba faɗan masu kayan miya, ko ya ƙara zuga su in ya ga faɗan bai yi armashi ba. In ya isa, ga tsofaffi a kan tabarma, ga taubashinsa Maiturare, ladanin masallacin, yana jiransa da baƙar magana. Su yi salla, su ci goro, su zagi juna, su lissafa wanda ya mutu da wanda ya kamata a ce ya mutu. Ya dawo gida da yunwa, ya tashi da malmalar tuwo biyu, ya yi barci kamar jariri.

Wata rana na tsaya masa da babur.

"Baba, hau in rage maka hanya."

"Lada dai za ka rage mini, Malam Yahya. Ba ka ji malamai sun ce kowane taku zuwa masallaci ana rubuta shi ba? Kai dai sauko mu taka, ko Allah zai sa ka sake ganin yatsun ƙafarka."

Na ja babur ɗina na ƙara gaba.

Abin ya lalace ne wata Laraba da La'asar sakaliya, ina zaune a bencin mai shayi. Baba na dawowa ta gefen titi, sai ga motar Alhaji, baƙa wuluk, ta rage gudu ta tsaya daidai inda yake. Gilashi ya sauka. Wani babban baƙo ne daga Abuja, wanda Alhaji ke neman kwangilar taki a hannunsa. Ya miƙo sabuwar takardar kuɗi.

"Baba, ga sadaka. A sa mu a addu'a."

Baba ya leƙa cikin motar. Ga ɗansa a gefen baƙon, ya sunkuyar da kai yana latsa waya kamar wanda aka aiko wa saƙon rasuwa. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Allah ya ba ka 'ya'ya masu jin ƙanka." Baƙon ya ce amin. Gilashi ya hau, mota ta wuce. Washegari tsofaffin gindin durumi suka ci goro fari tas, Maiturare na shelar cewa Lado ya samu sabuwar sana'a.

Alhaji bai yi dariya ba. A lokacin, shekaru ke nan da ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kuma an shiga yayin da mai kuɗi bai cika mai kuɗi ba sai da masallaci a ƙofar gidansa. Ya tara mu, mu maƙwabta, a falonsa.

"Jama'a, haƙƙin iyaye ba abin wasa ba ne. Ina da motoci a gida, mahaifina na yawo a rana kamar marar gata. Ranar lahira me zan ce? Na yi niyyar hutar da Baba."

Muka ce Allah ya saka da alheri. Ni na fi kowa ɗaga murya, don na hango abin da ke tafe.

Kafin damina ta wuce, masallaci ya tashi. Tayil har bango, kafet mai nutsar da ƙafa, esi biyu masu sanyaya wuri, agogo mai kiran salla da kansa. Aka ɗauko Malam Dabo, wani mai daɗin ƙira'a, aka ba shi limanci da albashi da babur. Abin da Alhaji ya fi nuna wa baƙi shi ne wata ƙofa da aka fasa daga ɗakin Baba, wadda ke buɗewa kai tsaye cikin sahun farko. Daga gado sai sahu. Ni kam na yi murna, ban ɓoye ba. Tun da nake ban taɓa yin nafila da yawa kamar ta watan zafin nan ba.

Baba ya yi salla a ciki ranar walima, ya sa albarka, ya shafa bango ya ce aiki ya yi kyau. Washegari da Azahar ya zura takalminsa na roba ya nufi gindin durumi.

Gari kuwa ba ya rasa abin faɗa. Kafin mako ya zagayo an fara raɗa: in da kuɗin masallacin nan na da tsarki, me zai sa uban mai shi ya tsallake shi? Maganar ta isa kunnen Alhaji. Ya sa aka kira ni, wai in zama shaida, muka shiga ɗakin Baba. Ya durƙusa har ƙasa, hula a hannu, don Alhaji bai taɓa wasa da ladabi ba.

"Baba, ba duk masallaci ɗakin Allah ba ne?"

"Haka ne."

"Alƙiblar can da ta nan ba ɗaya ba ce?"

"Ɗaya ce."

"To me ke can wanda babu a nan?"

Baba ya murza carbi. Can ya ce, "Hanya."

Alhaji ya dube ni, na dubi kafet. Alhaji ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce "yaron nan". Tsohon da ke jin nauyin kiran sunan ɗansa, ina zai iya zama ya yi jayayya da shi a gaban maƙwabci? Maganar ta tsaya a nan. Alhaji ya fito yana cewa, "Ka gani ko, Malam Yahya? Tsufa ne. Sai an yi haƙuri da su."

Da farko aka ce mota za ta riƙa kai shi ranar Juma'a. Ta kai shi sau ɗaya ko biyu. Daga nan kullum motar na da uzuri: ta kai Hajiya matar Alhaji biki, ta je ɗauko yara, direba ya tafi Mashi. Sai aka ba Amadu maigadi umarni. Amadu mutumin garin Babban Mutum ne, mai tausayi, amma yana da iyali.

"Baba, ka yi mini rai. Alhaji ya ce in ka fita, ni ma in bi ka da kayana."

Sai takalmin roba ya ɓata. Aka nema sama da ƙasa, aka ce wataƙila mai shara ce ta haɗa da shi. A madadinsa aka kawo wani na fata daga Dubai, mai laushi, mai santsin ƙasa, wanda aka yi don taka kafet. Sandarsa ta gora ita ma ta bi takalmin. Aka kawo wata mai kan azurfa, kyakkyawa ƙwarai, ta fi shi nauyi.

Wannan duk ba da faɗa aka yi ba. Babu wanda ya taɓa ɗaga wa Baba murya a gidan nan. Da "sannu Baba" da "huta Baba" aka gama da shi.

Zubaida, ƙanwar Alhaji da ke aure a Kano, ta zo ta ga ɗakin ta yi hamdala. Ta cika firji da lemon kwali da madara. Ta hana tuwon dawa, wai yana da nauyi, ta sa a riƙa yi masa soyayyar kaza da ƙwai. Ta kafa masa talabijin mai nuna Ka'aba dare da rana.

"Baba, ga Harami a ɗakinka. Me kuma ya rage? Wallahi ƙawayena har cewa suke ina ma iyayensu."

Ya ce, "Allah ya yi albarka."

Na riƙa leƙa shi bayan La'asar. Watannin farko nakan same shi tsaye a bakin taga, yana kallon saman katanga. Daga baya nakan same shi zaune. Daga baya kuma a kwance, talabijin na ta ɗawafi shi kaɗai. Abinci ya koma sai ya taɓa ya ture. Dare ba barci, rana ba farkawa. Ƙafafun nan sirara suka kumbura har takalmin Dubai ya daina shiga. Ya fara salla a zaune. Alhaji ya aika aka sayo kujera ta musamman mai hannu da matashi, aka kafa ta a sahun farko, ta zama abu na biyu da ake nuna wa baƙi.

A masallacin kuwa ba ya rasa masu gaisuwa. Direbobi, 'yan siyasar unguwa, masu jiran Alhaji ya idar su miƙa buƙata. Kowa zai zube gabansa, "Baba an gaishe ka, Baba Allah ya ƙara lafiya," ido na kan Alhaji don a tabbatar ya gani. Wata rana bayan an watse Baba ya riƙe hannuna.

"Malam Yahya, rabon da wani ya zage ni har na manta."

Maiturare ya zo ƙofar gidan ba sau ɗaya ba. Amadu na ganin tsoho da sanda da koɗaɗɗiyar riga sai ya ce Alhaji ba ya nan, a dawo ranar rabon zakka.

Shi kuwa Alhaji, a daidai wannan lokacin likita ya ce masa suga ya yi masa yawa, lallai ya riƙa tafiya da ƙafa. Ya sayi kayan motsa jiki masu ratsi da farin kambas. Kowace safiya direba zai kai shi can hanyar bayan gari, ya sauka ya taka tare da wasu manyan mutane, waya a kunne, mota na bin su a hankali da ruwan sanyi. Ya taɓa gayyatata. Na je sau ɗaya, na dawo a cikin motar, a kwance. Abin da na fahimta dai shi ne tafiya iri biyu ce. In da kambas aka yi ta, ba a nufi ko'ina ba, wayewa ce. In da takalmin roba ne, aka nufi masallaci, abin kunya ne.

Da kumburin ya kai gwiwa aka kai Baba wani asibitin kuɗi a Katsina. Ni na raka su, don Alhaji na son mai jin Turanci a kusa. Likitan ya auna jini, ya danna ƙafa, yatsansa ya bar rami.

"Baba yana ɗan takawa kuwa?"

Alhaji ya gyara zama. "Ko kusa. Mun hutar da shi gaba ɗaya."

Likitan ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce hawan jini ne, da suga, da zuciyar da ta saba aiki aka ajiye ta. Magani zai taimaka, amma babban maganin shi ne tsohon ya koma tafiya, kaɗan-kaɗan, kuma ya riƙa shiga mutane. Na ga idon Baba ya kawo haske. A mota har ya tambayi direba ko mangwaro ya fara shigowa kasuwa.

Bayan kwana kaɗan wata babbar mota ta sauke kwali a ƙofar gida. Injin tafiya ne, irin mai shimfiɗar baƙar roba da ke gudu a ƙarƙashin ƙafa, mutum na ta tafiya yana nan inda yake. Aka kafa shi a ɗakin Baba. Alhaji da kansa ya sa aka juya shi ya fuskanci gabas. Aka kama Baba aka ɗora, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, aka kunna. Ya taka, ya taka, yana kallon bango.

"Yaron nan, wannan hanyar ina ta nufa?"

"Ba ta nufi ko'ina ba, Baba. Lafiya ce kawai."

"To su masu rubutu, me za su rubuta?"

Aka aika a kira Malam Dabo. Ya zo yana gyara rawani, ya dubi injin, ya dubi Alhaji, ya yi gyaran murya. Ya ce ai ayyuka suna tafiya ne da niyya. In Baba ya ƙudurta a ransa cewa masallaci ya nufa, ya taka injin gwargwadon nisan gindin durumi, sannan ya sauka ya shiga ta ƙofar nan, to ana kyautata zaton ladan ba zai ragu ba. Har ma, in ji shi, akwai ƙarin ladan biyayya ga... nan ya tsaya, don ya tuna wane ne uban wane.

Baba ya ce a kashe. Ya sauka, ya zauna a bakin gado yana haki.

"Malam, a hanyar nan taka akwai mai faci?"

Bai sake hawa ba. Hajiya ta mayar da injin wurin shanya darduma. Alhaji kuwa ya samu abin faɗa: "An kawo masa har ɗaki, ya ƙi. Ni kuma me zan yi?"

Wata Asabar Alhaji ya tafi Kaduna, Amadu ya zaga bayan gida. Na shiga gaishe da Baba bayan Azahar, na same shi zaune da hula a kai.

"Malam Yahya, ara mini silifas ɗinka."

"Baba, ko in kawo babur?"

"In babur nake so, da na hau na ɗaki."

Na ba shi silifas, na zura takalmin Dubai, muka fita ta ƙofar masallaci. Ya dafa kafaɗata. Rabonsa da titi ya kusa shekara. Mai faci na ganinsa ya yar da abin da ke hannunsa ya taso. Mai ƙosai ta rafka salati, ta ce ita ai ta ɗauka ya koma Kano. Ya ce mata man suyarta har yanzu bai sauya ba. Ya yi dariya, irin wadda na manta yana da ita.

Amma ƙafa ba ta san zumuɗi ba. Mun ɗan wuce masu kayan miya sai na ji nauyinsa ya ƙaru a kafaɗata. Ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. Ni da ya kamata in tare shi, ni ma numfashina ya ƙare tun a wurin mai faci, ga takalmi na zamewa. Muka zube tare a gefen kwata, tsoho da tumbi. Daga nan ana hango kan durumin. Ya daɗe yana kallonsa kafin a samo mai Napep.

Alhaji ya dawo a daren. Da safe ya kira ni, bai ko ce in zauna ba.

"Ka ga abin da nake gudu? Ka gani da idonka? Mutumin da ba ya iya kaiwa bakin titi, shi ake cewa in bari ya je Kusugu? Da ya mutu a kwata fa, Malam Yahya? Me gari zai ce?"

Na buɗe baki in ce bara warhaka yana zuwa ya dawo ba ko haki. Sai na tuna da esi, da buhun shinkafar da Alhaji kan aiko gidana da azumi, na ce Allah ya kiyaye gaba. Aka sa kwaɗo a ƙofar masallaci ta waje, ba a buɗewa sai lokacin salla. Zubaida ta bugo waya tana kuka, ta ce maƙwabtan zamani ba su da tsoron Allah.

Daga faɗuwar nan Baba bai sake tsayuwa ba. Ana ɗaukarsa daga gado a ɗora a kujera, a tura ta ƙofar, a idar, a mayar. Daga baya kujerar ma ta gagara.

Labarin faɗuwar ne ya sa Maiturare ya zo ya zauna a bakin get, ya ce ba zai tashi ba sai dai a kira 'yan sanda. Na shigar da shi da kaina. Ya tsaya a kan Baba ya ƙare masa kallo.

"Kai, Lado! Haka ka zama? An ɗura ka kamar ragon layya. Wa zai iya ɗaukarka?"

Bakin Baba ya motsa. "Mummuna. Har yanzu kai ke firgita unguwa da muryar nan?"

"Ni ne. Gurbinka na nan, mun ajiye buta a wurin. Ta fi ka natsuwa a salla."

Suka yi ta yi, har hawaye na bin kuncin Baba yana dariya. Sai ya shiga tambaya. Ramin nan na gaban mai faci, an cike shi? Karen gidan kan kwana yana nan? Reshen durumin da ya sunkuyo, an sare? Bai tambayi ginin masallacin ba, hanyar yake ta tambaya, lungu-lungu. Daga ƙarshe ya jawo Maiturare ya yi masa magana a kunne.

Da za mu fita muka yi kiciɓis da Alhaji. Ya gaishe da tsohon da ladabi, ya sa Amadu ya ɗauko shadda da buhun shinkafa, ya ce in Allah ya yarda zai sa a yi wa masallacinsu tayil. Maiturare ya ce shi dubiya ya zo, ya sa takalminsa ya tafi.

Baba Lado ya cika wata Talata da hantsi, talabijin na kunne.

Nan da nan unguwa ta cika da motoci. Aka yi wanka, aka yi sutura. Sai aka ce a kawo makara. Aka dubi juna. Masallacin Alhaji na da esi, da agogo mai kiran salla, da injin ba da wuta, amma babu wanda ya taɓa tunanin ajiye makara a kan tayil ɗin nan. Dole aka aika gindin durumi.

Makarar ta zo, tsohuwa, ta gwangwala, doguwa, Maiturare na biye da ita. Ya tsaya a tsakiyar manyan baƙi ya ce marigayi ya bar masa wasiyya: a sallace shi a ƙofar masallacinsu. Alhaji ya dubi Malam Dabo. Malam Dabo ya dubi taron, ya ga malaman da suka fi shi a ciki, ya ce wasiyya dai wasiyya ce. Alhaji ya ce to a kawo motar ɗaukar kaya. Aka ce lungun ba ya cin babbar mota. Kafin ya sake magana, mai faci da masu kayan miya sun riga sun sa kafaɗa.

Masu ɗaukar gawa ba sa jira. Baba ya bi hanyarsa da saurin da bai taɓa yi ba, ana karɓa-karɓa, mutane na fitowa daga shaguna suna shiga ayari. Mai ƙosai ta sauke kaskonta ta tsaya a gefe, gyale a baki. Aka wuce kwatar da muka faɗi. Aka bar mu a baya, ni da Alhaji, shi da babbar riga da takalmi mai santsi, ba mota a baya, ba ruwan sanyi. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya dafa bango yana haki, ni ma na dafa.

"Malam Yahya," ya ce, idonsa jawur, "ka ga nisan nan? Wannan azabar tsoho yake sha kullum. Ka ga abin da na raba shi da shi?"

Da gaske yake. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Ko ɗigon shakka babu a fuskarsa.

Muka isa an riga an daidaita sahu. Ta ƙofar masallacin na hango butar a sahun farko.

A zaman makoki an kafa rumfuna har bakin layi. Duk tawagar da ta zo, bayan addu'a, Alhaji zai share ido ya ce, "Alhamdu lillahi, ba mu bar shi ya wahala ba. A ƙarshen rayuwarsa ko nan da can bai taka ba." Jama'a su girgiza kai su ce Allah ya ba mu 'ya'ya irin wannan. A kai su su ga ƙofar da aka fasa, da kujerar, da injin. Wani malami ya yi wa'azi a kan bin iyaye, ya kafa misali da Alhaji har sau uku.

Ran addu'ar uku da yamma ina zaune a ƙofar gidana, na jiƙa ƙafafuna a ruwan ɗumi don har lokacin ba su yafe mini ba. Babban ɗana Munzali, wanda ya fara aiki a Kano, ya zo gaisuwa. Ya tsuguna gefena yana kallon hasumiyar masallacin Alhaji, fuskarsa cike da sha'awa.

"Baba, wallahi abin nan ya taɓa ni. Ka yi mini addu'a. In Allah ya buɗa mini, irin wannan zan gina maka, har da ƙofar. Ba za ka sake taka ko'ina ba."

Na daɗe ina kallonsa. Yaron nan ban taɓa dukansa ba, ban taɓa hana shi kuɗin makaranta ba.

Na ce, "Munzali, me na yi maka?"